Yadda ake zaɓen modem na USB da zai yi aiki da Linux, tun daga butik har gida

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025 ake ta kawo mini kwamfutoci nan Maradi a sa musu Linux, yawanci Ubuntu ko Linux Mint, saboda waɗannan HP da Dell da Lenovo na okaziyo da suka cika kasuwa da dama daga cikinsu Windows 11 ba ta karɓarsu. Sa Linux ɗin ba shi da wuya, inda mutane ke cijewa shi ne intanet, mutum ya tafi ya sayo modem mai kyan kwali ya dawo gida ya soka ya ga shiru, ya koma wajen mai butik a ce mishi ai a kwamfutarmu yana yi, kuma gaskiya suka faɗa don tasu Windows ce. To abin da nake so ka riƙe shi ne modem ba a sayenshi da rubutun kwali ko da rantsuwar mai sayarwa, kwamfutarka za ka ɗauka ka je da ita ka jarraba a gabanshi kafin kuɗi su bar aljihunka. Sauran bayanin duk yadda za ka yi wanga gwajin ne da yadda za ka gane abin da ka gani.

Kayan da za ka tanada

Kwamfutarka da Linux a kanta, batir cike, don kada ka dogara da wutar butik. In ba ka riga ka sa Linux ba, ko kwamfutar taka ta tebur ce ba ta ɗaukuwa, ka yi kile USB mai giga 8 da Ubuntu ko Mint a kai ta hanyar Rufus ko Ventoy, ka ari portabul ɗin wani ka tada ta daga kilen ba tare da ka taɓa Windows ɗinshi ba. A HP F9 ake dannawa lokacin tashi, Dell da Lenovo F12. Sai dai sigar da ke kan kilen ta zama ita ce wadda za ka yi aiki da ita a gida, in ba haka ba gwajin bai da amfani sosai.

Sim biyu na kamfani daban-daban, misali Airtel da Moov ko Zamani ko Niger Telecoms, kowanne an yi mishi rajista da katin shaida kuma akwai ɗan forfe na intanet a kai. Biyu na ce ba ɗaya ba, da na biyun ne za ka gane ko modem ɗin a kulle yake.

Adaftan sim, domin yawancin modem babban sim suke ci irin na da, wayoyin yanzu kuma ƙaramin nan ne. Wayar Android da kabul ɗinta na kirki wanda ke wuce data, ba irin na caji kaɗai ba. Ralonj na USB kamar mita ɗaya zuwa biyu. Sai biro da takarda, ko ka riƙa ɗaukar hoton allo da waya.

Ɗan abin da ya kamata ka sani kafin ka fita

Modem ɗin nan in ka soka shi ba ya fara nuna kanshi a matsayin modem, yana zuwa ne kamar faifan CD mai ɗauke da manhajar Windows, a Windows manhajar ce ke shiga ta umarce shi ya juya ya koma modem. A Linux aikin wata ƴar manhaja ce mai suna usb_modeswitch, ita ke duba lambar modem ɗin in tana cikin jerin da ta sani ta aika mishi saƙon juyawa. Mafi yawan kukan da ake yi na cewa modem ba ya yi da Linux a nan yake, bai juya ba ne kawai.

Bayan ya juya kuma iri biyu ne. Akwai wanda shi da kanshi ƙaramin rawuta ne, shi ke kiran rezo ya ba kwamfuta intanet kamar an soka mata wayar ethernet, ana sarrafa shi ta burauza, Huawei na kiran nasu HiLink. Akwai kuma wanda kwamfuta ce ke tuƙa shi, manhajojin Linux biyu, ModemManager da NetworkManager, su ke buɗe sim su sa APN, wato sunan ƙofar da kamfanin waya ke shigar da kai intanet ta cikinta, su kira. Ga sabon shiga ni na farkon nake zaɓa mishi ko da yaushe, don kusan ba ruwanshi da wace Linux kake da ita. Na biyun yana da daɗinshi ga wanda ya iya, amma ya fi yawan wuraren da abu zai iya cijewa.

1. Shirya kwamfutar tun a gida

Kana buƙatar intanet don saukar da abin da zai ba ka intanet, to a nan wayarka ke shigowa. Haɗa ta da kabul, shiga Paramètres ka nemi Partage de connexion ka kunna na USB, Linux na gane wayoyin Android nan take ba sai an sa komai ba. Buɗe tarminal, wato tagar da ake rubuta ma Linux umarni, ka rubuta:

sudo apt update
sudo apt install usb-modeswitch usb-modeswitch-data modemmanager mobile-broadband-provider-info

A Ubuntu 22.04 da 24.04 da Mint 21 da 22 yawanci za ta ce maka suna nan tuni, ba laifi, ka dai tabbatar. Waɗanda suka sa Debian ƙarama ko wata Linux mara nauyi saboda tsohuwar na'ura su ne suka fi samun babu. Sannan ka duba ModemManager na tafiya:

systemctl status ModemManager

Ka lura da manyan baƙaƙen M guda biyu, Linux na bambanta babban baƙi da ƙarami. In ka ga active shi ke nan. In Linux ɗinka ta tsufa ƙwarai, irin Ubuntu 16.04 da har yanzu nake gani a wasu sibar, jerin lambobin da ta sani ma ya tsufa, sabon modem zai iya ba ta wuya, gara ka sabunta ta tukuna.

2. Cire PIN, ka kwafo APN daga waya

Sa kowane sim a waya ka kashe tambayar PIN a wajen saitin tsaro. Ana iya sa PIN ta Linux amma a ranar gwaji ba ka son ƙarin abin da zai rikita ka, kuma ka san kuskure uku sim ya nemi PUK.

Sannan APN. Kar ka tsaya tambayar mutane mi ne APN na kamfani kaza, kowa zai faɗa maka abin da ya tuna tun zamanin Zain da Orange, kuma jerin da ke cikin Linux ɗin ma wani lokaci tsofaffin sunaye ne a ciki. Wayarka da ke shiga intanet da sim ɗin tana da na daidai, shiga Réseau mobile, Noms des points d'accès, buɗe wanda aka zaɓa ka kwafe abin da ke layin APN baƙi da baƙi, in akwai sunan mai amfani da kalmar sirri su ma ka rubuta.

3. Tantancewa da ido kafin a soka komai

Ka ce a buɗe maka murfin da sim ke shiga, a nan ƙarƙashi ake rubuta ainihin sunan samfurin da IMEI, wato lambar shaidar modem ɗin, tambarin da ke waje na kamfanin waya ne kawai da ya yi odarshi, masu ƙerawa yawanci Huawei ne ko ZTE ko Alcatel.

Huawei da sunanshi ya fara da EC, kamar EC122 ko EC156, ajiye shi, na CDMA ne, wani tsarin rezo daban, irin na zamanin Starcomms da Visafone a Najeriya, ba zai yi da sim ɗinmu ba ko a Windows. Su E173 da E1550 da E303 da E3531 na 3G ne, Linux ta san su sarai tun da daɗewa kuma suna da arha, in 3G ce kawai ke kaiwa ƙauyenku ba laifi, amma cikin gari ka nemi 4G. A na 4G wanda ya fi yawo shi ne E3372, yana zuwa a E3372h da E3372s, kuma kowanensu akan samu na HiLink akan samu irin wanda kwamfuta ke tuƙawa. Manhajar ciki ce ke bambanta su ba harafin ba, kuma masu gyara na canza musu ita, sai gwaji zai nuna. A ZTE akwai MF823 da MF833 da MF79, su ma ta burauza ake sarrafa su. Akwai wani sabo E3372-325 da ke zuwa da sunan Brovi, kamanninshi ɗaya da na da amma cikinshi daban, yana ba mutanen Linux wahala sai an rubuta mishi ƙa'ida ta musamman, in kai sabo ne ka wuce shi in dai bai tashi da kanshi a gwaji ba.

Lambobin ƙarshe kamar 153 ko 607 ko 320 suna nuna zangon mitar da modem ɗin ke kamawa. Wanda aka yi don kasuwar Turai da Afirka shi ya fi dacewa da mu, wanda aka kwaso daga Amurka mitocinshi daban ne, zai iya tashi lafiya a Linux amma ya ƙi ganin 4G ko ya ƙi ganin rezo kwata-kwata.

Sai maganar kulle, kuma mu nan Maradi ita ta fi cin mutane saboda kaya da yawa ta Kano da Katsina da Jibiya suke shigo mana. Modem mai tambarin MTN ko Glo ko 9mobile ko Spectranet sau da yawa a kulle yake da layin kamfaninshi. Har mai tambarin Airtel kar ka ɗauka shi ke nan, kullen da lambar ƙasa da ta kamfani ake yinshi, ta Nijar 614 ta Najeriya 621, don haka na Airtel ɗin can ba dole ya karɓi sim ɗin Airtel na nan ba. Mai butik zai ce maka dekode ne, to madalla, sim biyun da ka zo da su za su tabbatar.

Akwai kuma fararen nan marasa suna da aka rubuta 4G LTE da WiFi a jikinsu, masu arha. Da dama suna yi da Linux don su ma ƙananan rawuta ne, sai dai kwali ɗaya za ka gani amma ciki kowane da irin nashi, wani na kama 4G ɗinmu wani ba ya yi, kuma suna zafi da wuri. Wanda ka jarraba shi za ka ɗauka, kar a canza maka da wani sabo cikin leda a ce ai duk ɗaya ne.

4. Yi magana da mai kaya tun farko

Kafin ka fiddo kwamfuta ku gama ciniki, sannan ka ce mishi, Alhaji don Allah ka yi mini lamuni in jarraba a tawa, tsarin da ke kanta ba Windows ba ne, in ya yi na biya nan take in bai yi ba mu duba wani. Yawancinsu ba sa ƙi, musamman in ka je da hantsi kafin kasuwa ta cika ko bayan azahar da mutane suka ragu. In ya ce ba a buɗe sabon kwali, ku yi da shi cewa za ka iya maidowa zuwa gobe ya rubuta maka a rasit tare da lambar IMEI. In duka biyun ya ƙi, ka yi mishi godiya ka ƙara gaba, cinikin biri a sama ne.

5. Soka ka karanta lambarshi

Sa sim a hankali. In kana amfani da adafta ka tabbata ƙaramin sim ɗin ya zauna daram a ciki, kuma kada ka taɓa zura adafta fanko, ƴan ƙarafan nan masu kamar zinariya da ke cikin ramin suna maƙalewa a gefen adaftan, kana jawowa sai ka ji ƙas ɗaya ya karye, modem ya tashi aiki ke nan kuma kai za ka biya. Ɗan selotef siriri a bayan sim ɗin na riƙe shi.

Kashe wifi na kwamfutar ka cire wayarka don kar su ruɗe ka ka zaci modem ne ke ba ka intanet. Rubuta lsusb kafin ka soka, ka soka kai tsaye a jikin kwamfutar, ka ƙirga kamar daƙiƙa talatin, ka sake rubuta lsusb. Sabon layi zai fito mai lambobi biyu da ɗigo biyu a tsakani, kamar 12d1:14db. Ta farko ta maƙeri ce, 12d1 Huawei, 19d2 ZTE, 1bbb Alcatel, 05c6 Qualcomm. Ta biyun ita ke gaya maka halin da yake ciki.

A Huawei in ka ga 1f01 ko 1446 ko 14fe kuma ya tsaya a haka bai canza ba, yana nan a CD bai juya ba. In ka ga 14db ko 14dc ya juya kuma HiLink ne. In ka ga 1506 ko 1001 ko 1436 ya juya kuma kwamfuta ce za ta tuƙa shi. A ZTE 2000 da 1225 na CD ne, 1403 da 1405 sun juya. Rubuta lambobin duka biyu a takarda, ta kafin juyawa da ta bayan juyawa, duk ranar da za ka nemi taimako su za a fara tambayarka.

In babu sabon layi sam, canza rami, in har yanzu babu kuma fitilarshi ba ta kama ba, modem ɗin ne matacce, ba ruwan Linux. Mai son ganin abin da ke faruwa daki-daki ya buɗe tarminal na biyu ya sa sudo dmesg -w kafin ya soka, zai ga CD ɗin ya bayyana ya ɓace sannan sunan direba ya fito, cdc_ether ko rndis_host ko option ko qmi_wwan ko cdc_mbim, ganin ɗaya daga cikinsu alama ce mai kyau.

6. In ya ƙi juyawa

Fara da mai sauƙi, in hoton CD ya fito a allon ka danna dama ka fitar da shi kamar yadda ake fitar da faifai, ko ka rubuta eject /dev/sr1, in kwamfutar ba ta da wajen DVD sr0 ne. ZTE da yawa wannan kaɗai ke juya su. In bai yi ba, na Huawei:

sudo usb_modeswitch -v 12d1 -p 1f01 -J

ka sa lambar da kai ka gani a madadin 1f01. Na ZTE:

sudo usb_modeswitch -v 19d2 -p 2000 -K

Jira kaɗan ka sake lsusb. Kana iya duba ko lambar tana cikin jerin da Linux ɗinka ta sani ba tare da intanet ba:

tar tf /usr/share/usb_modeswitch/configPack.tar.gz | grep 12d1

In ya juya da hannu amma ba ya juyawa da kanshi, ana gyarawa da ƙa'idar udev layi ɗaya, wato umarnin da Linux za ta riƙa bi duk sanda aka soka shi, sai dai ni shawarata in akwai wani a butik ɗin da ke tashi da kanshi ka ɗauki wancan ko da ya ɗan fi tsada, ba ka son duk safiya sai ka buɗe tarminal kafin ka duba saƙo.

Gargaɗi ɗaya da nake yi da babbar murya, cikin CD ɗin wasu Huawei akwai jaka mai suna Linux da manhajar Mobile Partner a ciki, kada ka sa ta. Tsohuwa ce, tana shiga ta canza saitin tsarin ta yi ta kokawa da ModemManager a kan modem ɗaya, kuma cire ta ya fi sa ta wuya nesa ba kusa ba. Haka tsofaffin bayanan intanet da ke cewa ka sa wvdial ka kira *99#, hanya ce ta gaske amma ta zamanin da ce, in ka haɗa ta da NetworkManager suna ture juna.

7. Haɗa intanet ɗin

Rubuta nmcli device. In HiLink ne ko ZTE mai burauza za ka ga sabon ethernet mai dogon suna da ya fara da enx, ko usb0, kuma galibi ya riga ya haɗu. Buɗe Firefox ka rubuta 192.168.8.1 in Huawei ne, wasu tsofaffin na 3G kuma 192.168.1.1, 192.168.0.1 in ZTE ne, fararen nan marasa suna kuma adireshin na rubuce a jikinsu ko ƙarƙashin murfi. Shafin zai nuna maka sunan rezo da ƙarfinshi da ko 3G ne ko 4G. In ya ga rezo amma intanet ba ta tafiya, shiga wajen profil ka ƙirƙiri sabo da APN ɗin da ka kwafo, modem da ya fito daga wata ƙasa yakan riƙe APN ɗin tsohon kamfaninshi.

In wanda kwamfuta ke tuƙawa ne, za ka ga gsm a jerin. Rubuta mmcli -L ya nuna maka modem ɗin da lamba a ƙarshen layin, sai mmcli -m 0, ko lambar da ka gani, don duk sanda ka cire ka mayar lambar na ƙaruwa, mutane da yawa na nan suna ta buga 0 ana ce musu babu modem alhali ya koma 1 ko 2. Daga nan ko ka bi ta saitin rezo na allo ka ƙara haɗin wayar salula ka zaɓi Nijar ka rubuta APN da hannunka, ko ka yi ta tarminal:

sudo nmcli connection add type gsm ifname '*' con-name layina apn APN_NAKA
nmcli connection up layina

Gwada da ping -c 5 8.8.8.8 sannan ping -c 5 google.com. In na farko ya amsa na biyu ya ƙi, modem lafiya lau yake, matsalar DNS ce, wato abin da ke maida sunan shafi zuwa lambarshi, kuma ana gyara ta a saiti. In duka sun ƙi alhali an ce connected, duba forfe ɗinka bai ƙare ba kafin ka zargi kowa.

8. Rarrabe laifin wa ne

Wannan matakin shi ke hana ka maida modem mai kyau ko ka sayi maras kyau. A abin da mmcli ya fitar nemi layin state. In ka ga failed ne da sim-missing, sim ɗin bai zauna ba ko ka juya shi, ko ƙarafan ramin sun lalace. In locked ne da sim-pin, PIN ne ba ka cire ba. In locked ne da ph-net-pin, ko shafin burauza ya tambaye ka lambar SIMLOCK, modem ɗin ne a kulle da wani kamfani, kuma kar ka fara cusa lambobin kirdado, yawancin na Huawei sau 10 suke ba da dama daga nan su kulle har abada, na okaziyo ma wataƙila wani ya riga ya cinye rabi. Bar ma mai butik ya buɗe shi da kanshi sannan ka sake gwadawa. In searching yake ta yi ba ya tsayawa, ko rezo ne babu a cikin rumfar, ka fita bakin hanya ka gani, ko mitocinshi ba namu ba ne. In registered ne amma ya ƙi haɗuwa, APN ne kusan ko da yaushe.

Fitilar jikinshi ma na magana, a E3372 kore 2G ne, shuɗi 3G, shuɗi mai haske da ya ɗan ja kore 4G, tana ƙiftawa ya ga rezo, ta tsaya cak ya haɗu. In wayarka na nuna 4G a wajen da kake tsaye da wannan sim ɗin amma modem ya nace a shuɗin 3G, to 4G ɗinshi ba irin tamu ba ce, kada ka biya kuɗin 4G a kanshi.

Yanzu cire sim na farko ka sa na biyu ka maimaita. Ka cire modem ɗin daga kwamfuta kafin ka canza sim.

9. Gwajin ƙarshe kafin ka miƙa kuɗi

Cire ka mayar ka ga ya tashi da kanshi. Sake tada kwamfutar yana soke, akwai waɗanda ke yi in an soka su bayan tashi amma su ƙi in da su aka tashi, wannan ba ya hana saye amma gara ka sani. Rufe murfin portabul ɗin ta yi barci ka buɗe ka ga ko ya dawo. Sannan ka buɗe bidiyo ka bar shi yana tafiya kamar minti goma kana taɓa jikin modem ɗin, ɗumi dole ne, amma in ya kai ba ka iya riƙe shi ko intanet ta riƙa yankewa tana dawowa to a watan Afrilu da Mayu da zafinmu ke wuce digiri 40 ba zai kai ka ko'ina ba.

10. Bayan ka kai shi gida

Ɗakunanmu masu rufin kwano da katangar siminti na cin rezo, a nan ralonj ke aiki, ka rataye modem ɗin kusa da taga ta gefen da eriyar kamfani take, cikin inuwa ba inda rana ke dukanshi ba, ka riƙa matsar da shi kana kallon ƙarfin a shafin burauza ko a mmcli har ka samu wuri mai kyau ka ɗaure shi a nan. Ralonj kar ya wuce mita 5, kuma siririn nan mai arha na rage wuta, alamar ita ce modem ya riƙa mutuwa yana tashi da zarar ka fara saukar da abu mai nauyi. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 mai shuɗin ciki 900, don haka in kana da shuɗin ka ba modem shi, kuma kar ka haɗa shi a hub maras wutar kanshi tare da maus da kile. Ralonj na da wani amfanin, modem da ke tsaye a gefen portabul yaro ɗaya zai gifta ya karya shi har da ramin.

Sai forfe. Linux na saukar da sabuntawa a ɓoye, kuma tana ɗaukar HiLink kamar wayar ethernet ta ofis mara iyaka, sai ka wayi gari giga ta tafi. Gaya mata haɗin na awo ne:

nmcli connection modify layina connection.metered yes

in HiLink ne ka duba sunan haɗin da nmcli connection show ka sa shi cikin alamar zance a madadin layina. Masu Ubuntu su ƙara da:

sudo snap set system refresh.metered=hold

Manyan sabuntawa ka bari sai ka samu wifi ko forfe na dare in kamfaninka na yi, amma ka riƙa yinsu, kar ka kashe su gaba ɗaya.

Mutanen Dan Issa da Madarunfa da duk na kusa da iyaka, modem na iya tsallakawa ya kama rezon Najeriya ya shiga romin ya cinye kredi. A mmcli duba operator id, in ya fara da 614 kana gida, in 621 ne ka tsallaka. Hana shi da nmcli connection modify layina gsm.home-only yes, a HiLink kuma akwai wajen kashe romin a shafin saitin haɗi.

Duba kredi da sayen forfe, shafin burauza na da wajen SMS kuma da yawa na da USSD, wato lambobin nan masu tauraro da #. A ɗaya irin kuma akwai manhajar modem-manager-gui in tana cikin ma'ajiyar sigarka, ko mmcli -m 0 --3gpp-ussd-initiate="lambar" . Wasu modem ba sa aika USSD in an tilasta su a 4G kaɗai, ka maida shi otomatik. In duk ya faskara ka sayi forfe ɗin ta wata waya ka tura ma lambar sim ɗin, ya fi ka riƙa cire sim kullum kana wahalar da ƙarafan nan.

In ba ka samu wanda ya yi ba

Nemi Huawei E8372 ko ZTE MF79, su modem ne na USB amma suna watsa wifi, ko Linux ta ƙi ganinsu ta USB kana soka su a kan cajar waya ko fawabank ka kama ta wifi, kuma in NIGELEC ta ɗauke wuta fawabank ɗin na riƙe su awoyi. Ka dai canza kalmar sirrin wifi da ta shafin saiti ranar farko, ta asali na rubuce ƙarƙashin murfi kuma maƙwabta sun san admin. Ƙaramin MiFi mai batir ma haka yake, sai dai batirinshi na kumbura in kullum yana kan caji cikin zafi. Ko kuma tsohuwar Android da allonta ya tsage amma tana kama 4G, sa mata sim ka haɗa da kabul ka kunna Partage de connexion na USB kamar yadda ka yi a mataki na farko, kwamfutar na ba ta caji ita kuma tana ba da intanet, abin da kawai za ka jure shi ne sake kunna rabawar duk lokacin da aka cire kabul ɗin.